Ƙyaure Mai Mariƙi Huɗu

An yi wani bawan Allah a wani gari na bakin fadama, shekarun baya, tun ana ban ruwa da jigo. Sunan garin ba sai an faɗa ba, mutanensa sun san kansu. Shi mutumin Ilu ake ce masa, Ilu mai lambu. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, in an jera sahu a masallaci can baya yake tsayawa kusa da takalma. Matarsa Hansai ita ke sayar da kayan miyan da yake nomawa, a cikin gida.

Ran da labarin ya iske Hansai tana tsakar gida tana tsinkar zogale, ana gab da la'asar. Sai ta ji sallamar Korau, maƙwabcin lambun mijinta, daga zaure. Muryar kaɗai ta sa ta ajiye faifai.

"Hansai, sai haƙuri," in ji Korau. "Na je aron guga, na tarar da shi zaune ya jingina da ƙyauren ɗakin lambu, gizago a cinyarsa. Na yi magana bai amsa ba. Na taɓa shi. Rai ya yi halinsa."

Ta yi salati, ta zauna a inda take tsaye. Kuka bai zo ba tukuna. Aka kawo shi gida. Ruwan wanka bai gama ɗumi ba sai ga ƙarti ɗauke da makarar Alhaji Mamuda, an lulluɓa mata sabon koren mayafi. Ba wanda ya aika a karɓo ta, da kanta ta zo. Da aka gaya wa Hansai, abin da ya taso mata daga ciki ba kuka ba ne, fushi ne.

Ta ce, "A mayar masa da abarsa. Malam ba zai hau ta ba."

Ku saurara, 'yan'uwa mata. Kada wata ta yi saurin cewa zafin mutuwa ne ya taɓa ta. Ku ji abin da ya wuce tukuna.

Ɗakin lambun nan Ilu ne ya gina shi da hannunsa, na jan ƙasa. A ciki yake ajiye fartanya da guga da iri, da albasa in ya cire. Bakin ɗakin tufaniyar kara ce kawai, gara ta ci gindinta, akuya ta ture ta da ka. Ya daɗe yana son ƙyaure na itace, amma kafinta yana birni, kuma ba abokin talaka ba ne. Sai wata damina iska ta kayar da darbejiyar da ke bayan gidansu. Ilu ya zagaya ta, ya shafa ta, ya ce, "Hansai, ga ƙyaurena Allah ya jefo."

Ya faskara gungumen, ya jingine shi a inuwa har kaka don ya bushe a hankali kada ya tanƙware. Sannan ya zauna masa da gizago, yau kaɗan gobe kaɗan, in ya dawo daga ban ruwa. Hannunsa ya yi kanta a kan kanta. Ya kai wa maƙeri kwandon tattasai aka ƙera masa ƙusoshi. Ya jera katakon, ya gitta masa itace a baya, ya fitar masa da ƙafa a ƙasa da ɗan ƙaho a sama. Ƙafar tana bukatar ramin da za ta riƙa juyawa a ciki, sai Hansai ta ba shi tsohon dutsen niƙanta wanda tsakiyarsa ta zurma, ya binne shi a bakin ɗakin. In ka ɗaga ƙyauren sama kaɗan ka ja gindinsa, sai ya fito gaba ɗaya. Ba dabara ya yi ba, iyakar abin da ya iya ke nan.

Ran da ya tsayar da shi sai da ya kira ta ta je ta gani. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe.

"Kin ji? Ko ƙara babu."

"Na ji, Malam. Sai ka tare a nan, in riƙa aiko maka da tuwo."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma daɗi ta ji, don ta san bana iri zai kwana lafiya.

To, garin nan makara ɗaya ce. Alhaji Mamuda, babban ɗan kasuwar garin, shi ya sa aka yi ta da ya dawo daga Makka, ya ce sadaka ce ga iyayensa. Amma ba a masallaci ya ajiye ta ba. A zaurensa take, da sarƙa da kwaɗo, mukulli a aljihunsa. Kun taɓa jin sadaka mai mukulli? In an je aro tambayarsa ɗaya ce.

Ƙyauren Ilu bai daɗe da tsayawa ba wani baƙo ɗan ga-ruwa ya faɗi a gindin tsamiyar da ke hanyar lambu, ya cika a nan. Korau ya tafi aron makara.

"Ɗan gidan wa?" in ji Alhaji.

"Baƙo ne, Alhaji. Ɗan ga-ruwan nan da ke kawo muku ruwa."

"Me ya kashe shi?"

"Amai da gudawa."

"A makarar da za a ɗauki iyayenmu? Ku nemi tabarma ku naɗe shi."

Korau ya dawo ya faɗa. Maƙabarta da nisa, gawa ba ta ɗaukuwa a tabarma sai ta lanƙwashe kamar buhu. Ilu ya dubi mamacin, ya dubi ƙyaurensa. Ya sa kafaɗa ya ɗaga shi, ya ja gindin, ya kwantar da shi a ƙasa. A kansa aka yi wa baƙon wanka, a kansa aka sallace shi, a kansa aka kai shi.

Kafin su dawo awaki sun shiga ɗakin. Sun cinye irin wake, sun tattake kauɗar tumatir, sun zubar da irin albasa a ƙasa. Hansai ta yi faɗa, amma faɗan bai yi nisa ba. Akuya akuya ce, ba ta san halal ba.

Abin da ya ci mata rai na mutane ne. Washegari maƙwabciyarta Gaje ta shigo sayen kayan miya, ta ɗauki tattasai ta shinshina, ta ajiye.

"Hansai, ba don komai ba, an ce tattasan nan a ɗakin nan yake kwana."

"A ɗakin yake kwana. Gawar ba a ɗakin ta kwana ba."

"To ai ƙyauren..."

"Da toka da tafasasshen ruwa aka wanke shi. Ni na dafa ruwan."

"Uhm. Ni dai kamar ina jin wani ɗan bashi-bashi. Bari in leƙa gidan Kande."

Shi ke nan, magana ta zaga gari: kayan lambun Ilu warin gawa suke. Mata suka ɗauke ƙafa. Mu ne fa, mata, ba maza ba. Sai dai Ilu ya ɗora kaya a jaki ya kai kasuwar wani gari inda ba a san shi ba. Aka sa masa suna Ilu Ƙofar Lahira, ana faɗa ana dariya.

Amma ku ji abin haushi. Waɗanda suka daina sayen albasarsa, su ne in mahaukaci ya mutu a kasuwa, ko tsohuwar da ba ta da kowa, ko ɗan ci-rani, masu cewa, "A je wajen Ilu." Ba kunya, ba tsoron Allah. Garin ya zama mai makara biyu: ta Alhaji ta masu gata, ƙyauren Ilu na marasa gata. Shi kuwa ko yana tsakiyar ban ruwa zai saki jigo, ya sa kafaɗa ya ɗaga. Duk fitar da ƙyaure zai yi, ɗaki a buɗe, sai wani abu ya yi ƙafa.

Hansai ta ce, "Malam, ka zaɓa. Ko ƙyaure ne ko makara ce."

Ya ce, "To, bari in yi na biyu. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya yi gadi."

Ragowar darbejiyar tana nan. Ya sake zama da gizago wani rani guda. Da ya jera katakon a tsakar gida sai ya cire hularsa, ya kwanta a kai, ya miƙe ƙafafu, ya miƙo mata gawayi.

"Ja mini layi a ka da ƙafa."

"A'uzubillahi. Tashi, Malam. Wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa ba ne. Na farkon gajere ne, ƙafafun mutane lilo suke a waje, kunya nake ji. Duk garin nan ban san wani dogo da zai yarda ya kwanta a gwada da shi ba sai ni."

Ta ja layin tana ƙunƙuni. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ta iya awo, da tela ta aura da sun yi arziki. Ya sare saman ƙofar ɗakin ya ɗaga ta, ya yi wa tsohon ƙyauren ƙari don shi ma ya dace. Sabon kuwa ya gasa ƙarfe ya huda gefensa, ya zura igiyar rama ya ɗaure, mariƙi biyu nan, biyu can, saboda ƙyaure ba shi da wurin kamawa, yatsun masu ɗauka yake ci. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna nuni: ku zo ku ga ƙyaure mai kunnuwa.

Aka yi shekaru a haka. Sai shekarar da Allah ya jarraba shi.

Shekarar nan albasa ta yi kyau irin wanda ba ta taɓa yi ba. Fara ce, irin da ya samo daga nesa, duk fadamar shi kaɗai ke shuka ta. Ya cire, ya shanya, ya cika ɗakin lambu har bakin ƙofa. Abincinsu na shekara ke nan. Sai rijiya ta rufta da wasu 'yan ci-rani biyu masu haƙa, wa da ƙani. Tun safe ake tono, sai da rana ta take aka fito da su, ba rai. Aka je wa Alhaji, ya yi tambayarsa. Aka zo wa Ilu.

Ya shigo gida da farin yadi ya ce Hansai ta ɗinka likkafani biyu, ta ɗora ruwa.

Ta ce, "Ka bar ƙyaure ɗaya a jikin ɗakin. A kai ɗaya, a dawo a ɗauki ɗaya."

"Tare suka zo, tare suka mutu. Wanne zan bari a rana ƙudaje na bi?"

"To bari in je in zauna a bakin ɗakin."

"Wa zai yi ɗinkin? Kin ga wata ta shigo taya ki?"

Ba wadda ta shigo. Ta zauna da allura, shi ya ɗaga ƙyaure duka biyun, ya jingina zana a bakin ɗakin. Shi da Korau da sauran 'yan ci-rani suka tafi maƙabarta.

Da suka dawo zana na ƙasa, ɗaki wayam. Ko ta miya ba a bari ba. Kuma wannan karon ba sawun akuya ba ne a ƙasa. Sawun takalma ne, manya da ƙanana, har da na mata.

Ku saurara da kyau. Kwanakin da suka biyo, duk jujin da Hansai ta wuce farin ɓawon albasa ne. Ƙamshin suya na tsallako katanga yana shigo mata ɗaki. Albasar da ke warin gawa in ta saye ce, da ta zama ta sata sai warin ya tafi. Gaje ta shigo jaje, bakinta na ƙamshin abin da ta zo jajensa.

Hansai ta tsare shi da zai fita masallaci. "Ka je wajen mai unguwa. Ni zan nuna maka gidajen, ɗaya bayan ɗaya."

"In je in ce me? A amayo mini?"

"Ka ce an cuce ka. Ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne." Ya murza kantar hannunsa. Ita ta ga idonsa ya kaɗa, don kada ku ɗauka dutse ne, abin ya ci shi. Can ya ce, "Na yafe."

"Ni ban yafe ba."

"Rabin albasar naki ne, ke kika yi tsinka da shanya. Ki riƙe naki. Nawa na yafe." Ya sa takalmi, ya kai bakin zaure ya juyo. "Yanzu dai sun ci, sun tabbata ba ta wari."

Ba ta yi dariya ba. Shekarar nan sai da ta rabu da tasoshin aurenta, suka ci tuwon dusa da zogale har ruwa ya sauka. Ba wanda ya zo ya ce ga mudu. Da aka sake yin gawar da ba ta da kowa, aka sake cewa a je wajen Ilu, ya sake sa kafaɗa.

To, wannan ne mutumin da ran da ya mutu aka aiko masa da makara mai koren mayafi.

Liman ya shigo zaure, Hansai tana bayan zana. Ƙofar gida cike da maza, har Alhaji Mamuda, ya tsufa, yana dogara sanda.

"Hansai, ki yi haƙuri," in ji liman. "Alhaji girmama shi ya yi. Ya ce Ilu na kowa ne."

"Allah gafarta Malam, a tambayar mini Alhaji: Ilu ɗan gidan wa ne?"

Ta ɗaga murya yadda na ƙofar gida za su ji, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Ni ba malama ba ce. Ina tambaya: haramun ne a ɗauki Musulmi a kan ƙyaure?"

"Ba haramun ba ne."

"In haramun ne, da kun faɗa tun a kan ɗan ga-ruwa. Korau, je ka ɗauko mai mariƙin. Ni na auna shi da hannuna, daidai shi ne."

Korau ya tafi da mutum biyu suka kawo. Aka yi masa wanka a kai, aka yi masa sutura. Layin gawayin ya daɗe da gogewa, amma kansa ya tsaya inda katako ya fara, ƙafarsa ta tsaya inda ya ƙare. Aka fito da shi aka sallata. Da aka zo ɗauka, 'yan ci-rani suka matso, su da suka saba. Sai muryar Hansai ta sake fitowa.

"Ku dakata. Ku ba ku ci masa komai ba. Mutanen gari nake wa magana. Malam ya yafe albasar da aka kwashe masa, a gabana ya yafe. Rabi ya yafe. Rabin nawa ne, yana nan ban yafe ba. Wanda ke son nawa, ya zo ya kama ƙyauren nan ya kai shi."

Kun ga abin da ta yi? Wanda duk ya kama, ya ce shi ne. Ta sa ido a tsagar zana tana kallo. Manyan mutane masu rawani suna duban ƙasa. Rana na sauka, gawa na kwance, ba wanda ya motsa. Ta ce a ranta, ko da kwana zai yi a nan.

Sai mijin Gaje ya cire takalmi, ya fito, ya sunkuya ya kama igiyar wajen kai. Bai ɗago ido ba. Wani mahauci ya bi shi. Wani ya bi. Mariƙi huɗu suka cika, hannuwa ba su ƙare ba, suka riƙa cusa yatsu a ƙarƙashin katakon suna kama gefe, kafaɗa na gugar kafaɗa. Aka ɗaga shi. A nan kukan ya zo wa Hansai.

Ba duka suka kama ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai waɗanda suka harɗe hannu a baya suka bi sahu kamar ba su ba. Hansai ta gan su, ta san su. Har yau in sun haɗu tana amsa sallamarsu, don hakki ne, amma ba ta tambayar su iyali. Makarar kuwa haka aka mayar da ita ba kowa a kai, Alhaji ya sake sa mata kwaɗo. Matan da suka soya albasar, wasu sun shigo zaman makoki sun durƙusa sun faɗa, ta yafe. Wasu suna jiran ta manta.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Alherin da sai ya tambayi ɗan gidan wa, ba alheri ba ne, kasuwanci ne. Kuma kada ku jira mutumin kirki ya mutu sannan ku kawo masa koren mayafi. Yana da rai yake bukatar ku sayi tattasansa, yana da rai yake bukatar ku tsare masa bakin ɗaki in ya tafi binne wanda kuka ƙi taɓawa. Kowace unguwa tana da nata Ilun. Kun san shi, ko kun san ta: wadda ke wanke mara lafiyar da kowa ke toshe wa hanci, sannan ku ƙi shan ruwa a kofinta. In ba za ku ɗaga ƙyaurenku ba, to ku cire hannu daga ɗakin wanda ya ɗaga nasa, ku kame bakinku daga sunansa. Wadda kuma ta san ta ci, kada ta fake da cewa mai shi ya yafe. Ta bincika ko akwai mai rabi.

Hansai tana nan da ranta, ta tsufa. Da ta fita takaba ta riƙe lambun, gwargwadon ƙarfinta. Ƙyauren yana jikin ɗakin, an sauya igiyoyinsa ba sau ɗaya ba. Kullum da safe, kafin ta taɓa guga, sai ta ɗiga man gyaɗa a ramin dutsen niƙan nan, ta sa kafaɗa ta ɗan ɗaga ƙyauren, ta ji ko zai fito in an zo nema. Sannan ta sauke shi, ta shiga ban ruwa.